Shekarar da Alhaji Ya Koma Kwana a Shago

Gidanmu na Tahaggart ɗaki biyu ne da zaure da ɗan tsakar gida inda nake girki. Ginin ƙasa ne, an shafe fuskarsa da siminti don masu wucewa. Alhaji, mijina, ya saye shi wajen wani Buzu tun kafin a kawo ni Tamanrasset, da shaidu da musafaha, ba a je buro, ofishin hukuma, an yi takarda ba, yadda mutanenmu da yawa suke saye a unguwar a lokacin. A cikinsa na yi zaman aurena duka. Allah bai ba mu haihuwa ba. Na faɗi wannan da wuri don shi ne tushen abin da ya biyo baya, kuma don na gaji da jiran a tambaye ni.

Alhaji mutumin Maraɗi ne, kamar ni. Yana da shago a kasuwar Sarsuf, yana sayar da shayi da sukari da taliya da dabino ga masu manyan motocin da ke gangarawa Arlit da Agadas. Ba shi da yawan magana, kuma in ya ƙulla abu a ransa, gara ki je ki yi wa bango bayani. Mutum ne mai shirya wa abin da bai zo ba. Likkafaninsa ma tun daga Makka ya sayo, yana naɗe a gindin akwati, duk shekara sai ya sa in shanya shi don kada ya yi wari.

A ƙarshen shekarun casa'in wani abokin kasuwancinsa ya rasu. Shi ma bai bar ɗa ba. Da matar ta fita takaba, 'yan'uwan mamacin suka hau daga gida, aka zauna, aka raba yadda shari'a ta ce. Ba wanda ya cuce ta. Gida ba ya yankuwa kamar yadi, sai aka sayar, aka ba ta nata kason. Alhaji yana cikin waɗanda suka raka ta tasha. Ya ga an ɗora ta bisa kayan wata babbar mota, da kwanukanta ɗaure cikin zane, tana riƙe da igiya. Ya dawo ya zauna a zaure, na kawo tuwo, ya ce in rufe.

Washegari ya kira Malam, limamin ƙaramin masallacinmu, wani dattijo ɗan Damagaram da ya yi karatu wajen Larabawan hamada. Shi ke raba mana gado, shi ke ɗaura aure, shi ke raɗa suna. Suka zauna a zaure, ni ina bayan labule ina tsince shinkafa, kunnena yana wajensu.

Alhaji ya ce, "Malam, so nike in bar ma iyalina gidan ga. In na mutu kada a ɗora ta bisa mota kamar buhu."

Malam ya ce wasiyya ba ta yiwuwa, don ni magajiya ce, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Tun da babu ɗa, kashi ɗaya cikin huɗu ne nawa, sauran na ƙannen Alhaji da ke Maraɗi. Hanya ɗaya ce, ya ba ni kyauta yanzu, yana da ransa da lafiyarsa.

"To na ba ta," in ji Alhaji. "Ka shaida."

"Ba haka ake yi ba," Malam ya ce. "Kyauta ba ta zama sai wanda aka ba ya karɓe, mai bayarwa ya cire hannu. Da mace ce ta ba mijinta gidan da suke ciki, shi ke nan, ya zauna. Amma namiji ya ba matarsa, yana ciki, yana kwana yana tashi, bai ba da komi ba, don zaman gida nasa ne. Sai ka hita. Ka kwashe kayanka, shaidu su gani da ido. Ka shekara ba ka komo da zama ba. In shekara ta cika, ko ka komo, gida nata ne. In ka komo kahin nan, ajali ya same ka ciki, ya koma gado."

Na san Alhaji. Ba mai ja da baya ba ne, ya riga ya fara tunanin inda zai shimfiɗa katifa. Na ɗaga labule ban ko nemi izini ba.

"Ni ban roƙe ka gida ba, Alhaji."

"Ban ce kin roƙa ba."

"Mutane za su ce mi?"

"Su ce abin da sunka ga dama. Ran da anka ɗora waccan bisa mota ba su ce komi ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya fita. An kawo wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, aka ga ma ta yi yawa, don kayan namiji ba su da auki: akwati, bargo biyu, rediyo, buta, butar shayi da ƙananan kofunanta. Shaidu biyu, 'yan kasuwa, suka shiga ɗakinsa suka leƙa har bayan ƙofa, suna jin kunyata, ina jin kunyarsu. Alhaji ya faɗi kalmar kyauta a gabansu, Malam ya ce in ce na karɓa. Na ce na karɓa. Motar ta tafi, na koma na ƙarasa wankin da na jiƙa tun safe.

Kafin la'asar unguwa ta gama yanke cewa sakina aka yi. Mata suka yi ta shigowa aron gishirin da suke da shi a gida, suna leƙen ɗakin da babu kowa. Da na yi bayani sai su gyaɗa kai su ce Allah ya sawwaƙe, wanda yake nufin ba su yarda ba. Mutum ɗaya ce abin bai ba mamaki ba, maƙwabciyata, wata Buzuwa 'yar Agadas. Ta ce a wajensu can daji tanti na mace ne tun ranar aure, namiji in ya yi fushi shi ke ɗaukar takalminsa. Ta ce, "Sai yanzu kun zama mutane."

Alhaji ya gyara wa kansa wuri a bayan shago, tsakanin buhunan sukari da bango, daidai tsawon katifa. Malam ya ce zai iya zuwa ya gaishe ni, kwana ne da zama aka hana. Shi kuwa ya ɗauki abin ya ƙara masa gishiri. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya tsaya a ƙofar gidan da ya saya da guminsa, ya yi sallama, ya jira sai na ce ya shigo. Ba ya wuce zaure. Kafin magariba ya miƙe. Wata rana ya manta carbinsa bisa tabarma, ya kai har bakin kori, busasshen rafin da ya ratsa gari, ya juyo ya dawo ya ɗauka, kada a ce ya bar kaya a gidan.

Samarin da ke aikin gini, 'yan ƙasarmu, masu sayen abincin rana a ƙofata, suka samu abin tsokana. Da sun hango shi tafe da farar rigarsa sai su ce, "Hajiya, saurayinki ya iso, a shimhiɗa tabarmar zance." Nakan kore su da ludayi. Amma gaskiya suka faɗa. A shekarun da muka yi ɗaki ɗaya ba mu taɓa yin hirar da muka yi a zauren nan ba. Ya ba ni labarin yadda ya fara hawowa arewa yana yaro bisa buhunan gero, da yadda ya yi wata guda bai iya cin burodin Larabawa ba. Ni ma na gaya masa abubuwan da ban taɓa gaya wa kowa ba game da rashin haihuwa. Na ji daɗin watannin nan, ba zan ɓoye ba. Da rana ni ke kai masa abinci Sarsuf da kaina, in ratsa korin da kwano a kai, in zauna bisa buhu har ya gama.

Haka muka wuce zafi, muka wuce ɗan ruwan da ake yi, kori ya kawo ya janye. Sai sanyi ya sauko daga duwatsu. Wanda bai zauna Tamanrasset ba yana tsammanin hamada zafi ce kawai. Sanyin garin nan yana shiga ƙashi, ruwan buta ya kwana waje sai ki same shi da ɓawo a sama. Ɗakin ƙasa yana riƙe ɗumi. Shagon Alhaji bulo ne da ƙofar ƙarfe, iska tana shiga ta ƙarƙashi. Na kai masa bargo na uku. Na ce ya kama ɗaki haya a kusa, ya ce saura kaɗan, ba sai an ɓata kuɗi ba.

Tari ya fara. Ya ce mura ce. Ya daina zuwa zaure kullum, sai bayan kwana biyu, daga baya ya daina. Wani maƙwabcin shagonsa, Balarabe mai sayar da tayoyi, ya sa shi a mota ya kai shi asibiti. Suka ce ƙirji ne, ga sukari da yake da shi tun da. Suka riƙe shi 'yan kwanaki, suka ba shi magani, suka ce a kai shi gida a kula da shi, a sa shi inda yake da ɗumi. Da muka fito mai motar ya tambaya ina za a nufa. Alhaji ya riga ni buɗe baki, ya ce Sarsuf.

Na koma jinya a bayan shago. Wurin ba ya ɗaukar mutum biyu a kwance, sai dai in zauna in jingina da buhu. Babu ruwa, babu bayi. Layin duk shagunan maza ne, bayin da suke zuwa na masallacin kasuwa ne, can ƙarshen layi. Da farko yana dafa bango ya je. Daga baya sai an riƙe shi. Masu saye ba su daina buga ƙofa ba, direbobi suna leƙowa ta saman buhu su ce, "Labas, Haji?" shi kuma ya ɗaga hannu ya ce labas, wato lafiya lau. Duk safiya nakan ruga gida in dafa kunu in kawo.

Wata safiya na dawo da kunun na same shi ya ja bargo har wuya, ya juya fuska bango. Na ji wari tun daga bakin ƙofa. Bai samu wanda zai riƙe shi ba, kuma bai iya kira ba, don akwai mutane a gaban shago suna ciniki da Balaraben nan. Mutumin da ban taɓa ganin ɗigon miya a rigarsa ba. Na ajiye kwanon. Ban yi kuka ba, ban ji komai ba, sai na ga kaina na fita na ce wa mai tayoyi ya kawo motarsa bakin ƙofa, ya nemo mutum biyu masu ƙarfi.

Da na gyara shi na sa masa wata riga, ya gane abin da ake shiri. Ya kama mini hannu, hannun ba ƙarfi.

"Saura wata biyu," ya ce.

"Na sani."

"Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani, Alhaji."

"Wahalar ga duka, a banza?"

Aka ɗauke shi da katifarsa.

Kwanakin farko bai yi mini magana ba. Yana karɓar kunu, yana karɓar magani, idonsa a rufin ɗaki. Na hura gawayi a kasko na ajiye nesa da gado, na toshe taga da tsumma. Malam ya zo dubiya, ya tsaya a ƙofar ɗaki ya dube shi, ya dube ni, ya yi addu'a ya fita bai ce uffan a kan gida ba.

Sai wata rana da hantsi, ina shara, na ji muryarsa daga ciki. Ya ce azarar da ke kusa da ƙofa gara ta ci ta, a kira mai gini kafin damina. Jim kaɗan ya ce wa ya ce a ajiye tulun gas kusa da murhu. Ya sa aka je shago aka kwaso akwatinsa da rediyonsa. Ya ce a juya gadon ya fuskanci ƙofa, yadda yake a da, don ya riƙa ganin mai shiga da mai fita. Ya yi faɗa a kan samarin gini da ke barin kwanoni a zaure. Ya tambayi Buzuwa ko akuyarta ce ke cin bangonsa. Bangonsa ya ce, ina ji. Tari yana nan, jiki yana ƙara zubewa, amma ya daina maganar watanni, ni ma ban tayar ba.

Bai kai ƙarshen sanyin ba. Ya rasu wata Talata da hantsi, rana ta shigo har bakin gado, ina zaune a gefensa ina fifita kunu don ya huce. Na ci gaba da fifitawa na ɗan lokaci bayan na gane. Sannan na rufe masa ido, na leƙa ta katanga na gaya wa Buzuwa. Ita ta yi kukan. Mata suka cika gida, ana ta riƙe ni, ni kuwa ina tsaye daram. Abin da nake tunani shi ne ko gawayi zai isa a dafa wa mutane shayi.

An aika Maraɗi ta bakin wani direba. Hanyar ba ta kwana ɗaya ba ce, ba wanda ya samu jana'iza. Na yi takabata a ɗakin, ina ci in an ba ni, ina kwana in dare ya yi. Ana cewa in yi haƙuri, ina cewa na gode. Ban san abin da nake haƙuri da shi ba, don babu abin da ke motsi a cikina.

Da na fita takaba babban ƙanen Alhaji ya iso, a madadin sauran. Manomi ne, da 'ya'ya cike da gida, shekarar kuma ba a samu damina ba. Abokin wasana ne tun ina amarya, in ya gan ni sai ya ce yayansa ya yi masa ƙwace. Wannan karon ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa, takalminsa an ɗinke shi da waya. Ba mugu ba ne, kada mai karatu ya nema masa mugunta.

Aka zauna a zaure bayan hantsi: Malam, shaidun nan biyu, ƙanen Alhaji, ni a bakin labule. An gama da shago da kayan ciki ba gardama. Aka zo kan gida. Shaidu suka faɗi abin da suka gani ranar Juma'ar nan, ƙanen Alhaji ya ce ya ji labari, bai musa ba. Malam ya ce kyauta ta yi, karɓa ta yi, amma mai bayarwa ya komo shekara ba ta cika ba, kuma a ciki ya cika. Ya shafa littafin da ke cinyarsa. Na ga ya kwana biyu yana neman abin da zai faɗa.

"Amma malamai sun bar ƙohwa guda," ya ce. "In mai kyauta ya shigo gidan a matsayin baƙo, ya zo ziyara ko an sauke shi, ajali ya riske shi nan, kyauta ba ta ɓaci ba. In kuwa komowa ya yi da zama, a matsayin mai gida, ta ɓaci. Mu ba mu cikin ɗaki. Hajiya, ke kika zauna da shi. Yaya zamansa ya kasance?"

Ƙanen Alhaji ya ɗago kai karo na farko. Ya ce, "Yaya, abin da kinka ce shi ke nan. Ba sai kin rantse ba. Ni na yarda."

Kowa a zauren ya san amsar da ake miƙo mini. Malam ya shimfiɗa ta har gabana, saura in taka. Na san kuma Alhaji da yana nan zai harare ni ya ce in faɗa mana, mi nike jira. Wata goma ya yi bisa siminti don kalmar nan guda. Kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba, ai ɗauko shi aka yi, ba da ƙafarsa ya zo ba.

Ba tsoron Allah ne ya riƙe ni ba, ba zan yi wa kaina wannan ado ba. Ba tausayin ƙanensa ba ne kuma. Na buɗe baki ne kawai na ji ba zan iya ba. Mutumin nan ya bar garinsu tun yana yaro, ya tsufa a ƙasar da kullum ana tambayarsa takarda, jandarma ya tsayar da shi a hanya ya kira shi baƙo, yaron da a haife zai haife shi ma in ya sa kaki ya kira shi baƙo. Wuri ɗaya ne a duniya ba a kira shi haka ba. A nan ya kwanta ya yi faɗan azara da tulun gas har ƙarfinsa ya ƙare. Yaya zan ce a gaban maza huɗu a gidan wani ya mutu, saukar da shi aka yi?

Na ce, "Gidanshi ya komo, Malam."

Malam ya gyara zama. Ya sake tambaya, a hankali, yana rarraba kalmomin kamar mai yi wa kurma magana, ko ban fahimci abin da amsar za ta jawo ba.

"Na gane," na ce. "Ba baƙo ba ne. Mai gida ne, a ɗakinshi ya rasu."

Ɗaya daga cikin shaidun ya yi tsaki a hankali, ba na raini ba. Malam ya rufe littafin, ya ce to, gida ya shiga gado, a nemi mai saye, Hajiya tana da kashi ɗaya cikin huɗu. Aka shafa fatiha. Ƙanen Alhaji ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna motsi. Na dube shi ina jira in ji wani abu, ban ji ba.

Da za su tashi, shaidan da ya yi tsaki ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa. Ya ce akwai wani Balarabe da ya daɗe yana son gida a layin nan, ko yaushe zai iya zuwa ya duba ɗakunan.

Na ce ya zo bayan azahar, lokacin na gama wanke-wanke.